NEMAN HAIHUWA AIKIN MUTUM BIYU NE: NASIHA GA MA'AURATA



Godiya ta tabbata ga Allah, Mai bayarwa ga wanda Ya so a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, a cikin tambayoyin da ake yawan turo mana akwai tambayar neman haihuwa, kuma kusan kullum mace ce mai tambayar. Ita ce za ta ce, "Malam, shekarata huɗu da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, wace addu'a zan riƙe?" Ita ce mai shan saiwa da rubutu, ita ce mai bin layin asibiti, ita ce kuma mai shan gori a gidan suna. Maigida yana gefe, wai shi lafiyarsa ƙalau.

To, nasihar yau ta ma'aurata ce su biyu, sai dai zan fi karkata wajen 'yan uwana maza, domin a wajenmu gyaran ya fi yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ciki da mutum biyu ake samunsa, don haka da mutum biyu ake nemansa.

MU FARA DA GYARA ZUCIYA

A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya raba bayinsa gida huɗu a kan haihuwa: wanda aka ba 'ya'ya mata zalla, da wanda aka ba maza zalla, da wanda aka haɗa masa, da wanda aka bari babu. Imam Bagawi a tafsirinsa ya buga misalin kowane kashi da annabawa: Annabi Luɗu mata ya samu, Annabi Ibrahim maza, Annabi Muhammadu (SAW) aka haɗa masa, Annabi Yahaya da Annabi Isa kuwa ba su haihu ba. Kun ga ke nan babu kashin da yake alamar fushin Allah, tun da kowanne akwai annabi a cikinsa.

Uwar muminai Nana A'isha (RA), wadda Manzon Allah ya fi so a cikin matansa da ya bari, ba ta haihu ba. Alkunyar da ake kiran ta da ita, Ummu Abdillahi, ta same ta ne daga ɗan yayarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. Yau wa ya isa ya goranta mata? Kaso mai yawa na fiƙihun mata da muke karantawa daga bakinta ya zo mana.

Amma yarda da ƙaddara ba ta nufin naɗe hannu. Annabi Zakariyya (AS) ya tsufa, kansa ya yi furfura, matarsa ba ta haihuwa, duk da haka ya roƙa, aka ba shi Yahaya. Nana Maryam tana cikin naƙuda aka umarce ta ta girgiza kututturen dabino, alhali Allah Mai iko ne Ya zubo mata da shi ba tare da ta motsa ba. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa kowace cuta Allah Ya saukar, Ya saukar da maganinta. Saboda haka abubuwan da zan lissafa a ƙasa igiyar ɗaure raƙumi ce. Mu ɗaure da kyau, sakamako kuma na Allah ne.

ABIN DA MASANA LAFIYA SUKA TABBATAR

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kusan mutum 1 cikin kowane baligi 6 a duniya yakan gamu da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Don haka ba ku kaɗai ba ne, mutane ne dai ba sa faɗa.

Likitoci ba sa kiran abin matsala sai ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa akai-akai ba tare da wani tsarin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai shiga ba. Idan matar ba ta kai shekara 40 ba, fiye da ma'aurata 8 cikin 10 sukan samu ciki a shekarar farko, kusan rabin waɗanda suka rage kuma a shekara ta biyu. Ke nan amaryar wata huɗu da dangin miji suka fara kallon cikinta, an zalunce ta, domin lokaci ma bai yi ba.

Ga babbar maganar: a kusan rabin ma'auratan da suke da wannan matsala, akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai ne, ko shi da matar.

MAIGIDA, FARA DA KANKA

Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne ɗaukar ƙarfin saduwa a matsayin shaidar haihuwa. Abu biyu ne daban. Mutum zai iya zama lafiyayye a shimfiɗa, ruwan maniyyinsa ya fito da yawa da kauri, amma a duba a na'ura a ga ƙwayoyin haihuwar da ke ciki kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu ko ɗaya. Ido ba ya ganin wannan. Gwaji ne kawai yake nunawa.

Gwajin kuwa ya fi na mata sauƙi da arha nesa ba kusa ba. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a 'yar kwalba mai tsabta, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Ana duba yawan ƙwayoyin, wanda ake son ya kai kimanin miliyan 16 a kowace mililita, da motsinsu, da siffarsu. Idan sakamakon bai yi kyau ba, akan sake bayan kamar wata uku kafin a yanke hukunci. Babu allura, babu tiyata. To don me za ka bar baiwar Allah ta yi ta shan gwaje-gwaje masu zafi da tsada shekara da shekaru, kai kuma ka ƙi yin na kwana ɗaya?

Wani zai ce, "Ai na haihu da uwargida." Haihuwar shekara goma da ta wuce ba ta shaidar yau. Ciwon sanyi, ciwon suga, kumburin jijiyoyin maraina, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga har ya sauka maraina, duk suna iya sauya al'amari. Wani kuma ya saki wannan ya auro waccan, har mata uku ko huɗu su ratsa gidansa, kowacce ta fita ta je ta haihu a wani gida, shi kuwa har yanzu bai tambayi kansa komai ba.

Wanda ya yi gwaji ya san daga gare shi ne, ya ɓoye, ya bar matarsa tana shan zagin danginsa, wallahi ya ji tsoron Allah. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji labarin wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, ya tambaye shi ko ya sanar da matar, da ya ce a'a, sai ya umarce shi ya je ya sanar da ita kuma ya ba ta zaɓi. Ita ma tana da hakki a cikin haihuwa kamar yadda kake da shi.

Abin farin ciki shi ne, jikin namiji kullum cikin ƙera sababbin ƙwayoyi yake, kuma kowane zubi yakan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ya nuna. Gyaran da ka fara yau, bayan wata uku za a ga amfaninsa in Allah Ya so. Ga abin da za ka kula da shi:

1. Taba, shisha, wiwi da giya. Suna rage yawan ƙwayoyi da ingancinsu, hayaƙin tabarka kuma yana cutar da matarka da abin da za ta ɗauka.

2. Tiramol da kodin. Suna danne sinadarin mazakuta a jiki. Gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yanzu matasanmu, har da magidanta, suna ciki. Haka allurai da ƙwayoyin gina jiki na masu ɗaga ƙarfe: suna kumbura damtse su tsayar da ƙera maniyyi.

3. Zafi. Allah Ya rataye maraina a wajen jiki ne don suna buƙatar sanyi fiye da sauran jiki da kamar digiri 2 zuwa 3. Direban doguwar tafiya, mai gidan burodi, maƙeri, mai ɗora kwamfuta a cinya, mai matsattsen gajeren wando, kowa ya kula. A sa tufa mai sakewa na auduga, a riƙa tashi ana shan iska.

4. Manomi mai feshin maganin ƙwari ko na ciyawa ya rufe jikinsa da hancinsa, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga cikin iyali.

5. Magungunan ƙarfin maza na bakin tasha da na bayan mota mai lasifika. An sha gwada ire-irensu a samu an zuba musu maganin bature a ɓoye ba bisa ƙa'ida ba. Ba sa ƙara ƙwayar haihuwa ko ɗaya, ga haɗari ga mai ciwon zuciya.

SANIN KWANAKIN ƊAUKAR CIKI

A nan mace musulma ta riga kowa, domin dama tana lissafin kwanakinta saboda sallah da azumi. Wannan lissafin ne za a ƙara wa aiki.

Mace takan saki ƙwai ɗaya a kowane zagayen al'ada, ƙwan nan kuma ba ya wuce awa 12 zuwa 24 a raye. Ƙwayoyin namiji kuwa suna iya kai kwana 5 a jikinta suna jira. Saboda haka kwanakin da ciki yake shiga kamar shida ne kacal a wata: biyar kafin sakin ƙwai, da ranar sakin.

Yaushe ne ranar? Kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. 'Yar uwa, ki samu littafi ki rubuta ranar da kika fara ganin jini, ita ce rana ta 1. Ki ƙirga har ranar da wani jinin zai zo, ki yi haka wata uku. Idan zagayenki kwana 28 ne, ƙwai yana fita wajen rana ta 14, kwanakinki masu muhimmanci su ne daga ta 9 zuwa ta 14. Idan kwana 32 ne, wajen rana ta 18, wato daga ta 13 zuwa ta 18. Idan kuwa gajere ne, kamar kwana 24, ƙwai yana fita wajen rana ta 10. Irin wannan matar idan tana yin kwana bakwai tana jini, to kwana biyu ko uku da ke bin wankan tsarkinta su ne damarta, kada a yi wasa da su. Kusantar mace cikin haila haramun ne, babu neman haihuwar da zai halasta shi.

Akwai alama kuma a jiki. Idan lokacin ya kusa, mace takan ga wani ruwa garai-garai mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Da yawa sukan ɗauka sanyi ne su ruga kemis. Ba ciwo ba ne, ba haila ba ce, ba ya hana sallah ko saduwa. Shi ne ma yake taimaka wa ƙwayoyin namiji su haura.

Wanda lissafi zai ruɗa shi, ga hanya mai sauƙi: saduwa duk bayan kwana biyu ko uku daga tsarki har zuwan wani jinin. Maganar a ƙaurace makonni don maniyyi ya taru ya yi ƙarfi ba ta da amfani. Ruwan da yake dawowa waje bayan saduwa kuwa, kada ya tayar wa kowa hankali, haka yake ga kowace mace, masu tafiya sun riga sun tafi.

Yanzu ga abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, rabon kwana. Mai mata huɗu da yake kwana bibbiyu, kowace mace tana jiran kwana shida kafin girki ya dawo mata. Kwana shidan nan suna iya faɗawa daidai kan kwanakin ɗaukar cikinta, ko su cinye mafi kyawunsu. Shari'a ta buɗe ƙofa: Nana Saudatu (RA) ta ba Nana A'isha kwananta, Annabi (SAW) ya karɓa. Don haka ya halasta abokiyar zama ta yi musayar kwana ko ta bayar kyauta, da yardarta da yardar miji, ba da tilas ba. Wadda ta yi wa 'yar uwarta wannan alheri, ladanta yana wajen Allah.

Na biyu, matafiya. Ɗan kasuwa a Legas, ma'aikaci a Abuja, ɗan ci-rani, mai zuwa gida ƙarshen wata idan an yi albashi. Idan zuwanka kullum yana faɗawa kan hailarta ko dab da ita, za ku iya shekara uku a haka kuna lafiya ƙalau ba ciki. Ka tambaye ta kwanakinta ka daidaita tafiyarka da su. Babu kunya tsakanin mutum da suturarsa.

ABINCI DA KULA DA JIKI

Babu wani abinci guda da za a ce da an ci sai ciki. Duk mai tallan haka, aljihunka yake nema. Abin da ake so shi ne jiki ya samu abin da yake buƙata kullum, kuma Allah Ya hore mana shi a kasuwanninmu: ganye irin su zogale, alayyahu, rama da kuka, wake, gyaɗa, riɗi, waken suya, ƙwai, kifi da nama gwargwadon hali, gero, dawa da acha waɗanda ba a surfe su sun koma fari fat ba, lemo, gwaiba, gwanda, mangwaro a lokacinsa. Nono a tabbatar an tafasa shi kafin a sarrafa. Gishiri a sayi mai sinadarin ayodin. A rage lemon kwalba, da sukari, da yawan soye-soye, da yawan goro da kofi.

Ƙarancin jini ya yi yawa a cikin matanmu, kuma shiga ciki da ƙarancin jini haɗari ne. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya. Lemo ko gwaiba bayan an ci wake ko ganye kuwa yana ƙara tsotsarsa.

Maigida, ciyarwa wajibinka ce. Ba daidai ba ne ka tsaya wajen mai tsire ka cika cikinka, ka bar wadda kake so ta ɗauki cikin ɗanka da miyar da ko ƙashi babu.

Zuma da habbatus sauda da dabino abinci ne masu albarka, sunna ta yabe su, a ci a sha. Amma ba a ce a cusa su a gaba ba, kuma kada a jingina wa Annabi (SAW) wani haɗin da bai faɗa ba.

Ƙiba mai yawa da rama mai yawa duk suna rikita sakin ƙwai. Macen da al'adarta take tsallake watanni, ga ƙiba, ga ƙuraje ko gashi a haɓa, sau da yawa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta yakan dawo mata da sakin ƙwai. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta isa farawa, ko a tsakar gida ne. Annabi (SAW) ya koyar da a raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, wannan kaɗai da mun riƙe ya wadatar.

'Yan uwa mata, ku nisanci ƙwayoyin "sha ka fashe" na neman ƙiba, domin suna rikita al'ada, suna jawo suga da hawan jini. Haka mayukan bilicin, wasunsu akwai sinadarin makuri mai cutar da ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

ABUBUWAN DA KE TOSHE HANYA

Tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa akwai siraran bututu biyu, a cikinsu ƙwai yake haɗuwa da ƙwayar namiji. Idan suka toshe, ko kowa lafiyarsa lau ciki ba zai shiga ba. A ƙasashenmu wannan na cikin manyan dalilai, musamman ga wadda ta haihu sau ɗaya ko ta yi ɓari sannan shiru.

Me ke toshe su? Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda sau da yawa mace ba ta jin alamar komai har su gama ɓarna. Sai ƙwayoyin cuta da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Sai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kududdufi da na dam da fadamun shinkafa, tana taɓa al'aurar mace da ta namiji, maganinta kuma yana nan a asibiti.

A nan dole a faɗi gaskiya. Namijin da yake bin matan banza ya kwaso cuta ya kawo wa matarsa ta sunna, ya toshe mata mahaifa, sannan ya dawo yana kiran ta juya, ya haɗa zina da zalunci da ƙazafi. Tsare farji na cikin manyan hanyoyin tsare haihuwa. Idan an gano cuta, miji da duk matansa ake yi wa magani lokaci guda, a kuma shanye shi har ƙarshe. In aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya, an yi aikin baban giwa.

Cushe-cushen kayan mata da matsi, da wanke ciki da sabulu ko alif ko ruwan magani, suna kashe ƙwayoyin kariya da Allah Ya halitta a wurin, su buɗe wa cuta ƙofa. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar. Yankan gishiri da wanzamai suke yi da sunan maganin rashin haihuwa kuwa, bai taɓa buɗe mahaifar kowa ba, sai dai ya jawo zubar jini da yoyon fitsari. Cutar da jiki haramun ne ko da sunan magani.

SHIRI KAFIN CIKI YA SHIGA

Mu mun saba sai ciki ya yi wata biyar ake fara zuwa awo, alhali ginin jariri tun makonnin farko yake kammala ginshiƙansa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Shi ya sa ake son duk mai neman ciki ta fara shan ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata ɗaya kafin ciki, in da hali wata uku, ta ci gaba har ciki ya kai mako 12. Tana da arha, kuma tana rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya sosai.

Ku san rukunin jininku. Idan miji AS ne mata AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da sikila. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wanda kuma ya riga ya yi aure bai yi ba, ya yi yanzu don ya san inda ya dosa. Macen da jininta nagetif ne, mijinta fozitif, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba. A duba ciwon hanta da ƙanjamau, domin akwai hanyoyin kare jariri idan an sani da wuri. Mai suga ko hawan jini ko farfaɗiya ta ga likita kafin ciki, saboda wasu magungunan sai an sauya su. A kwana cikin gidan sauro.

Wadda take goyo kuma a bar jikinta ya huta. Masana lafiya suna ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

Bayan shekara ɗaya ana nema ba a samu ba. Idan matar ta kai 35, bayan wata shida, domin daga wannan shekarun ƙwai yana raguwa da sauri, kuma shekarun da ake ɓatawa wajen yawon magani ba sa dawowa. Kada ma a jira idan al'ada tana zuwa ƙasa da kwana 21 ko sama da 35, ko ta ɗauke watanni, ko tana zuwa da ciwo mai tsanani, ko nono yana fitar da ruwa ba a shayarwa, ko an yi ɓari sau biyu ko fiye, ko namiji yana da kumburi ko ciwo a maraina. Ku tafi tare. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kada a sayi ƙwayoyin sa ƙwai ya fita a kemis don ƙawa ta sha ta dace. Idan bututu a toshe yake ko matsalar ta miji ce, ko kwali goma aka sha aikin banza ne, ga illa.

Idan likitoci suka ce sai dashen ciki, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halasta shi idan akwai buƙata, da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matar ne, a mahaifarta za a dasa, babu hannun mutum na uku.

Boka da ɗan bori da mai duba kuwa, ba sababi ba ne, halaka ce. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Mata nawa aka cuta a mutuncinsu da dukiyarsu da sunan za a cire musu aljanin da ya zauna a mahaifa? Ruƙya ta shari'a mutum yana iya yi wa kansa, miji ya yi wa matarsa, ba tare da an keɓe da wani ƙato ba.

GA IYAYE DA DANGI

Iyayenmu mata, Allah Ya saka muku da alheri, son ganin jika ba laifi ba ne. Amma "har yanzu shiru?" a duk haɗuwa, da habaici, da kiran 'yar mutane juya, yana cikin jifa da munanan laƙubba da Suratul Hujurat ta hana. Ku tuna watakila matsalar tana wajen ɗanku, ita ce take rufa masa asiri. Kai kuma maigida, kai ne garkuwarta. Ka ce wa danginka cikin ladabi, "Muna nema, ku taya mu da addu'a." Sakamakon gwajinku sirrinku ne, kada ya fita daga ɗakinku.

Sannan ku riƙe addu'a ku biyu. Ku haddace addu'o'in Annabi Zakariyya da ke Suratu Ali Imrana aya ta 38 da Suratul Anbiya aya ta 89, da ta Annabi Ibrahim a Suratus Saffat aya ta 100. Ku yawaita istigfari, domin Annabi Nuhu (AS) ya shaida wa mutanensa cewa yana jawo ruwan sama da dukiya da 'ya'ya, kuma da wannan Hasanul Basri ya yi wa mai kukan rashin haihuwa nasiha. Kada ku manta addu'ar kusantar iyali da ta zo a hadisin Ibnu Abbas. Ku tashi a sulusin dare na ƙarshe, ku yi sadaka.

Wanda ya yi duk wannan Allah bai ba shi ba, bai yi asara ba, haƙurinsa yana rubuce. Ga marayu nan cike da unguwanninmu, kuma Annabi (SAW) ya yi wa mai riƙon maraya albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna. A riƙe su da amana, a bar musu sunan iyayensu.

Ya Allah, duk wanda yake neman haihuwa a cikin bayinka, Ka ba shi zuriya ɗayyiba mai albarka. Masu ciki Ka sauke su lafiya. Waɗanda Ka ba, Ka shirya musu. Waɗanda Ka jinkirta wa, Ka sanyaya zukatansu, Ka kare su daga bakin mutane da hannun macuta.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.